Gwarazan Yankees tun daga 1903: wa zai shiga fili, wa zai zauna a benci?

Kawu Direba:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kakar besbol ta wuce, sanyi ya shigo Bronx, ga abin da za mu tattauna kafin a koma fili. A ce an tara maka duk wanda ya taɓa saka rigar Yankees, ƙungiyar besbol ta unguwar Bronx a New York, tun 1903, na raye da wanda ya riga mu, kowa yana kan ganiyarsa. Aka ce ka fitar da mutum takwas masu tsaron fili, da mai bugu zalla ɗaya, da masu jifa biyar, da mai rufe wasa. Wa za ka ɗauka? Sharaɗina ɗaya ne: abin da mutum ya yi cikin rigar nan kaɗai za a duba. Abin da ya yi a Seattle ko Oakland ko Texas, can ya baro shi.

A wurina akwai wuraren da babu gardama. Bes na ɗaya, wato tashar farko cikin ukun da mai bugu ke zagayawa kafin ya dawo gida ya ci maki, na Lou Gehrig ne. Mutumin da ya buga wasa 2,130 a jere daga 1925 zuwa 1939 bai tsallake ko ɗaya ba, ya yi homran 493, wato bugun da ke tsallake katangar fili, sai da ciwon da ya zama ajalinsa ya kama shi sannan ya cire kansa daga jeri. Mai cafka a bayan gida Yogi Berra, zobensa 10 na lashe World Series, gasar ƙarshe ta ɗaukar kofi, babu ɗan wasan da ya kai shi. Shotstof, mai tsayawa tsakanin bes na biyu da na uku, Derek Jeter. Mai rufe wasa Mariano Rivera. Babe Ruth kuwa ko ba a ambace shi ba yana ciki.

Inda kaina ya ɗaure shi ne bayan fili. Wuri uku ne, masu nema huɗu: Ruth, Joe DiMaggio, Mickey Mantle, ga kuma Aaron Judge da muke kallo da idonmu. Sai bes na biyu da na uku, inda na san za a yi ta ja-in-ja. Bismillah.

Ɗan Kano:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni daga nan gida nake bin ku, ƙwallon ƙafa na sani, besbol ɗin nan ta waya nake tsintar ta. Kafin a yi nisa, a taimaka mini: mene ne mai bugu zalla, kuma me ya sa mai rufe wasa yake da wuri nasa daban? Ba duk jifa ba ce?

Hajiya Uwar Yara:
Ƙanena, tambayarka ta yi. Ni ma ɗana ne ya koya mini, da yake yana buga wa ƙungiyar yara a Heritage Field, filin da aka yi a daidai inda tsohon filin Yankees na 1923 yake kafin a rushe shi. Sabon yana tsallaken titi na 161.

Mai bugu zalla shi ne wanda aikinsa ɗaukar gora kawai, ba ya tsaron fili. Yana bugawa ne a madadin mai jifa, don yawancin masu jifa ba su iya bugu ba. A 1973 American League, gasar da Yankees suke ciki, ta kawo dokar, kuma ɗan Yankees ne, Ron Blomberg, ya fara tsayawa a wannan matsayi. Shi kuwa mai rufe wasa, wasan besbol zagaye tara ne. Mai jifan da ya fara yakan gaji a zagaye na shida ko na bakwai. Idan ana gaba da maki kaɗan a zagaye na tara, sai a kira wanda zai fitar da mutum ukun ƙarshe. Jifa goma sha wani abu ce kawai, amma duk wahalar awa uku tana rataye a kanta. Ba kowace zuciya ce ke ɗaukar wannan ba.

Ɗan Lissafi:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Matsalar bayan fili ba ta kai yadda ake tsoronta ba, tunda ka ba mu mai bugu zalla. Mutum huɗu, wuri huɗu. Tambayar ita ce wa zai tsaya ina.

Ni Mantle nake ba tsakiya. A 1956 ya haɗa kambi uku a kaka ɗaya: matsakaicin bugu 353 cikin 1,000, homran 52, ya shigo da maki 130. Yana bugu da dama yana bugu da hagu, don haka babu mai jifan da za a kawo masa a ce an sami lagonsa. Homran 536, gwarzon shekara sau uku, kuma har yau babu wanda ya kai homran 18 da ya yi a World Series. Duk wannan da gwiwa ɗaya ya yi shi. A World Series na 1951, yana ɗan shekara 19, ya biyo ƙwallon da Willie Mays ya buga, DiMaggio ya yi kira cewa tasa ce, Mantle ya ja birki, ƙusar takalminsa ta maƙale a murfin magudanar ruwa, gwiwa ta tafi. Bai sake wasa babu ciwo ba har ya ajiye a 1968.

Ruth kuma mutane sun ɗauka ɗan dama ne kawai. Kusan rabin wasanninsa a hagu ya yi su, don yana gudun ɓangaren da rana ke haske ido: a filin gida ya tsaya dama, a filaye da yawa na waje ya koma hagu. To Ruth hagu, Mantle tsakiya, Judge dama, DiMaggio ya ɗauki gora zalla.

Kawu Direba:
A'a ɗana, nan ban yarda ba. DiMaggio ba a raba shi da safar hannu. Ka san girman filin da ya tsare? Tsakanin hagu da tsakiya a tsohon filin ya haura ƙafa 450, shi ya sa ake kiran wurin kwarin mutuwa. Shi ya tsare shi shekara 13, kuma shi wurin ya fi cuta, don da dama yake bugu, ƙwallayensa can suke zuwa su faɗa hannun mutane. Ruth da Gehrig masu bugu da hagu katangar dama suke nufa, wadda ba ta kai ƙafa 300 ba a wancan lokaci. Duk da haka DiMaggio ya yi homran 361, kuma sau 369 kacal aka fitar da shi da jifa uku a duk rayuwarsa ta wasa. Ka auna wannan da na yanzu, waɗanda ake fitarwa sau 170 a kaka ɗaya ba wanda ya ɗaga gira. Ga wasa 56 a jere a 1941, kowanne sai ya sami bugu mai kyau. Ga shekara uku, 1943 zuwa 1945, da aikin soja ya cinye masa yana tsakiyar ƙarfinsa. World Series 10 ya je, ya ci 9.

Kuma ai tarihi ya riga ya raba gardamar. Kaka ɗaya suka yi tare, 1951, kuma DiMaggio ne a tsakiya, Mantle a dama. Ni ma haka zan bar su, sai dai Mantle ya koma hagu.

Malam na Harlem:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma akwai maganar da ban ga an taɓa ba, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan wannan muhawara. Mu da muke wannan hira baƙaƙen fata ne a Amurka, bai kamata mu tsallake ta ba.

Ruth ya bar Yankees a 1934. Gehrig ya ajiye a 1939. Sai ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers. Ma'ana, duk homran 714 na Ruth, 659 daga ciki a Yankees, babu ko ɗaya da ya buga wa baƙin mai jifa a wasan gasa. Bai taɓa tsayawa gaban Satchel Paige a wasan da ake lissafawa ba, Paige ɗin da aka hana shi shiga har sai da ya kai shekara 42, a 1948. Ba don baƙaƙe ba su iya ba. A cikin wannan fili na Yankees ake ba ƙungiyoyin Negro Leagues, gasar baƙaƙen fata, haya su yi wasa idan masu gida sun yi tafiya. A 2024 da hukumar MLB, mai shirya babbar gasar besbol, ta haɗa alƙaluman Negro Leagues da nata, Josh Gibson ya zama na ɗaya a matsakaicin bugu a tarihi, 372 cikin 1,000, ya wuce Ty Cobb, kuma ya wuce Ruth a ƙarfin bugu.

Ita kanta Yankees ba ta yi gaggawa ba. Sai 1955, shekara takwas bayan Robinson, ta saka baƙin ɗan wasa na farko, Elston Howard, wanda ya fito daga Kansas City Monarchs. Mai cafka ne, amma da yake Berra na nan sai aka riƙa tura shi bayan fili, ya yi shekaru yana jira. Da wurin ya zama nasa, a 1963 ya zama baƙin farko da ya ci gwarzon shekara a American League.

Ba na cewa a cire Ruth. Ba shi ya kafa dokar wariya ba. Abin da nake cewa, idan za mu auna homran 60 na Ruth a 1927 da 62 na Judge a 2022, mu tuna Judge yana fuskantar zaɓaɓɓun duniya ne: 'yan Dominika, 'yan Venezuela, 'yan Kuba, 'yan Japan, baƙi da fari. Kuma ina roƙon a ba Howard kujerar mai cafka na biyu, gaban Bill Dickey.

Ɗan Lissafi:
Malam, wannan magana gaskiya ce, kuma ita ta sa nake auna kowa da mutanen zamaninsa maimakon in jera lambobi kawai. To amma ko da wannan ma'aunin, Ruth ya yi nisan da ba a kamo shi. A 1920, shekararsa ta farko bayan an sayo shi daga Boston, ya yi homran 54. Babu wata ƙungiya a American League, in ka cire tasa, da dukkan 'yan wasanta a haɗe suka kai wannan adadi. A 1927 ya sake yin haka da 60, a kaka mai wasa 154, ba 162 na yanzu ba. Da an buɗe ƙofa ga su Paige da Gibson, lambobinsa za su ragu, na amince. Amma mutumin da ya fi ƙungiya guda shi kaɗai, ko an rage masa kashi ɗaya cikin biyar yana nan a sahun gaba.

Kan Howard da Dickey, Dickey yana da matsakaici 313 a shekara 17, kuma shi ya koya wa Berra aikin. Ga Thurman Munson, kyaftin, gwarzon 1976, wanda hatsarin jirginsa ya ɗauke a Agustan 1979. Kujera ɗaya, mutum uku.

Kawu Direba:
Malam, Allah ya saka da alheri. Ni na ba Howard kujerar. Dalilina, Dickey ya sami duk damar da ake ba ɗan wasa tun yana saurayi, Howard kuwa an ci masa shekaru ta hanya biyu: wariya ta jinkirta shi, sannan ya zauna a inuwar Berra. Abin da ya yi da ragowar lokacin ya isa shaida. Lambarsa 32 tana rataye a Monument Park, wurin tunawa da gwaraza a cikin filin Yankees, duk wanda ya shiga filin da wuri zai iya zuwa ya gani.

Hajiya Uwar Yara:
Ku kuna ta maganar mutanen da babu wanda ya gan su a cikinmu sai a hoto mai baƙi da fari. Gani ya kori ji. Bari in yi maganar waɗanda na gani.

Rivera jifa iri ɗaya yake da ita, kowa a filin ya san ita ce za ta zo, har mai sayar da gyaɗa. Ƙwallon za ta taho kamar miƙaƙƙiya, sai ta kusa isowa ta karkata 'yar kaɗan ta shige wa mai bugu da hagu can kusa da hannu, inda gora ta fi siranta. Sai ka ji ƙaras, gora ta rabe biyu, guntun ya yi wajen bes na ɗaya, ƙwallon ta gangara a hankali, a ɗauka a jefa, an fitar da mutum. Shi kuma ko murmushi babu, ko ihu babu, ya karɓi ƙwallo ya koma kan tudunsa. Ɗan masunci ne daga Puerto Caimito a Panama, ya yi aiki a jirgin kamun kifin mahaifinsa, da kwali suke yin safar hannu suna yara. Ya rufe wasa 652. A wasannin Oktoba na neman kofi ya yi zagaye 141, maki 11 kacal aka ci ta hannunsa. A 2019 duk masu zaɓe 425 suka saka shi a zauren gwaraza na Cooperstown, babu wanda aka taɓa yi wa haka kafin shi.

Jeter kuma bugu mai kyau 3,465, zobe biyar. Amma abin da nake nuna wa ɗana shi ne wasan Oakland na 2001. An ci Yankees biyu, saura ɗaya a fitar da su, suna gaba da ɗaya da nema. Aka jefo ƙwallo daga dama ta tsallake mutum biyun da ya kamata su tare ta. Sai ga Jeter ya ɓullo a layin bes na ɗaya, inda ba wurinsa ba ne sam, ya cafe ta yana gudu ya tura wa Jorge Posada da bayan hannu, aka taɓa Jeremy Giambi kafin ya taka gida.

Ɗan Lissafi:
Hajiya, Jeter yana cikin jerina, babu wanda ya kusa da shi a wannan wuri, ko Phil Rizzuto da ya ci gwarzon 1950. Sai dai a faɗi gaskiya, duk da kyautar safar zinare biyar da aka ba shi, masu auna tsaro sun daɗe suna nuna cewa ƙwallayen da ke bi ta hagunsa suna wuce shi fiye da sauran masu tsayawa wurin. Bugunsa ne ya saka shi, ba tsaronsa ba.

Wannan ya kawo mu bes na uku. Alex Rodriguez ya zo a 2004, ya fi Jeter tsaron shotstof a lokacin, amma ya bar masa wurin ya koma na uku. Cikin rigar Yankees ya yi homran 351, ya ci gwarzon shekara a 2005 da 2007, a 2007 ɗin homran 54. Kofin ƙarshe da ƙungiyar ta ɗauka, na 27 a 2009, ba za a same shi ba sai da shi: homran 6, ya shigo da maki 18 a wannan Oktoba. Babu wani ɗan bes na uku a tarihin ƙungiyar da ya kai wannan. A bes na biyu kuma Robinson Canó, matsakaici 309, homran 204 daga 2005 zuwa 2013.

Kawu Direba:
To nan ne za mu rabu, ɗana. Rodriguez ba zai shiga jerina ba. Da bakinsa ya amsa a 2009 cewa ya sha ƙwayoyin ƙara ƙarfi lokacin yana Texas, ya nemi gafara, muka yafe. Sai ga shi an sake kama shi, aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗayanta, yana cikin rigarmu. Na ɗauko mutane da yawa daga bakin filin nan a motata a shekarun, uba da ɗansa sanye da riga mai lamba 13, sun biya kuɗin da suka sha wuya kafin su samu. Abin da suka biya su gani ba shi aka nuna musu ba. Wannan cin amana ne, kuma lamba ba ta wanke shi.

Graig Nettles nake ɗauka. Shekara 11 a bes na uku, homran 250, shi ya fi kowa a American League a 1976 da 32. A World Series na 1978 Dodgers sun ci wasa biyun farko. A na uku Ron Guidry ba ya kan ƙarfinsa, mutane na ta cika bes, Nettles ya riƙa shimfiɗewa a ƙasa yana tare ƙwallayen da suka riga suka wuce, ya tashi ya jefa. Aka ci 5 da 1, daga nan Yankees ba su sake faɗuwa ba har suka ɗauki kofin.

Canó ma haka, an dakatar da shi sau biyu, 2018 da 2021. Willie Randolph nake so, yaron Brooklyn, wanda ya fi kowa yawan wasa a bes na biyu a tarihin ƙungiyar.

Ɗan Lissafi:
Kawu, da girmamawa, sharaɗinka ne zai kama ka. Ka ce abin da aka yi cikin riga kaɗai za a duba. Laifin Canó bayan ya bar Bronx ne, yana Seattle da Mets. In ba a lissafa masa alherin can ba, kada a lissafa masa sharrin can.

Sannan idan amana ce ma'auni, a yi wa kowa da mudu ɗaya. Nettles ɗin nan a 1974 gorarsa ta fashe a fili aka ga an yi mata cushe a ciki, ya ce wani mai goyon baya ne ya ba shi. Whitey Ford, wanda na san shi ne na ɗaya a masu jifanka, ya faɗa da kansa bayan ya yi ritaya cewa a ƙarshen zamaninsa yana karce ƙwallo da zobe don ta riƙa karkata. Andy Pettitte ya amsa a 2007 cewa ya yi amfani da sinadarin da aka hana. Su duka za a kora?

Malam na Harlem:
Tambayar yaron nan tana da nauyi, kada a wuce ta. Ga yadda nake gani. Laifi laifi ne, amma ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya karce ƙwallo ya yi maguɗi a wasa, alƙali na iya kama shi nan take a hukunta shi. Wanda ya shekara yana gina jikinsa da allura ya canja duk lambobin da muke auna shi da su, har ba mu san ina nasa ya tsaya ina na magani ya fara ba. Kuma ya tilasta wa yaron da ke neman wurinsa ko dai ya sha ko ya koma gida. Sannan akwai bambanci tsakanin wanda ya faɗi sau ɗaya ya amsa, da wanda ya amsa ya koma. A kan haka na bi Kawu wajen Nettles. Amma a bes na biyu yaron ya fi hujja. In ana gudun rigima, ga Tony Lazzeri na tawagar 1927, wanda ya shigo da maki 11 a wasa ɗaya a 1936, yana fama da farfaɗiya duk tsawon wasansa.

Baƙon Boston:
Ni Red Sox nake bi, amma ku ba ni izini in sa baki. Hajiya, Rivera gwarzo ne, a filinmu ma an tashi tsaye an girmama shi a kakarsa ta ƙarshe, 2013. Sai dai a tuna an taɓa karya shi sau biyu a wurin da ya fi zafi: wasa na bakwai da Arizona a 2001, da wasa na huɗu a 2004, lokacin da Dave Roberts ya saci bes na biyu, muka dawo daga ci uku da nema. Duk da haka da ni ke zaɓe shi zan ba ƙwallon.

Hajiya Uwar Yara:
Ai shi ya sa nake ƙaunarsa. Bayan wasan Arizona ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa kowace tambaya, bai ɗora wa kowa ba, ya dawo ya ƙara shekara 12 yana rufe wasa.

Ni tambayata kan Judge ce. Ɗana lamba 99 yake sakawa, ni ma ina son yaron, yana da ladabi, ya ci gwarzon shekara a 2022 da 2024, ya karya 61 na Roger Maris da ya tsaya tun 1961. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wasa na biyar da Dodgers a 2024, muna gaba 5 da nema, shi da kansa ya yi homran a zagaye na farko. A zagaye na biyar ƙwallo mai sauƙi ta zo masa a tsakiya, ta daki safarsa ta faɗi. Daga nan jifar Anthony Volpe zuwa bes na uku ta lalace, Gerrit Cole bai je ya rufe bes na ɗaya ba, maki biyar suka shiga. Aka tashi 7 da 6, baƙi suka ɗaga kofi a gidanmu. Unguwar nan tsit ta yi, jirgin ƙasa mai lamba 4 cike da mutane babu mai magana da wani.

Reggie Jackson shekara biyar kawai ya yi mana, amma a wasa na shida na 1977 ya yi homran uku da lilo uku, kowanne a jifar farko, a hannun masu jifa uku daban. Zobe biyu ya kawo. In wasa ɗaya ne za a yi na a mutu ko a yi rai, wa za ku ba gora?

Ɗan Lissafi:
Judge, Hajiya, ba tare da jinkiri ba. Jackson homran 144 ya yi a Yankees. Judge ya yi 52 a kakarsa ta farko cikakkiya a 2017, 62 a 2022, 58 a 2024. Kakanni uku kaɗai sun wuce duk abin da Jackson ya tara a nan. Zobe aikin mutum 26 ne. Don Mattingly ya ci gwarzon 1985, ya yi shekara 14 a Bronx bai taɓa taka World Series ba, babu mai cewa laifinsa ne. Kuma ku tuna maganar Malam: cikin manyan huɗun nan, Judge ne kaɗai ya yi nasa a lokacin da ƙofa take buɗe ga duniya duka, ana kuma gwajin ƙwayoyi, ga masu jifa sababbi fil ana sauya masa su duk bayan zagaye.

Kawu Direba:
Na karɓi wannan. Judge ya shiga, Jackson ya zauna kusa da koci, a kira shi a zagaye na takwas idan ana neman bugu ɗaya. Tsarin bayan filina: Mantle hagu, DiMaggio tsakiya, Judge dama, Ruth ya riƙe gora zalla, ƙafafunsa su huta.

Masu jifa ba mu ba su haƙƙinsu ba, ga nawa a taƙaice. Ford na ɗaya, nasara 236, faɗuwa 106, nasara 10 a World Series wadda har yau ba a kamo ba. Guidry na biyu saboda 1978: nasara 25, faɗuwa 3, kuma ta 25 ɗin a Fenway, filin Boston, ya same ta, a wasan raba gardama da Boston bayan an taɓa ba mu ratar wasa 14 a watan Yuli. Sai Red Ruffing, nasara 231 da ƙafar da ta rasa yatsu huɗu a ramin haƙar kwal. Sai Lefty Gomez, wanda ya yi nasara 6 a World Series ba a taɓa kayar da shi ba. Na biyar ina tsakanin Pettitte da CC Sabathia.

Malam na Harlem:
Pettitte, bisa ma'aunin da na faɗa: ya amsa, bai koma ba. Nasara 219 a rigar nan, kuma shi ya yi nasara a wasan ƙarshe na kowane mataki uku na Oktoban 2009. Amma Kawu, uku daga cikin biyar ɗinka, wato Ford da Guidry da Gomez, duk da hagu suke jifa, Pettitte zai zama na huɗu. Wannan ba zai yi yawa ba?

Kawu Direba:
A filinmu ba zai yi yawa ba, Malam. Katangar dama ƙafa 314 ce, masu bugu da hagu ita suke hari, kuma mai jifa da hagu shi ne maganinsu. Tun zamanin Gomez ƙungiyar ke neman irinsu saboda wannan dalili. Pettitte ya shiga.

Bes na biyu na bar wa jama'a, kowa ya rubuta suna ɗaya kafin Juma'a: Randolph, Lazzeri ko Canó. Ɗan Kano, har da kai.

Ɗan Kano:
Na gode Kawu. Na je na kalli na Nettles na 1978 da na Jeter na 2001, sau da yawa na maimaita na Jeter kafin in gane daga ina ya fito. A bes na biyu ƙuri'ata ta Randolph ce. Amma ba ku faɗi koci ba. Na ga Casey Stengel ya ci kofi biyar a jere daga 1949 zuwa 1953, Joe McCarthy ma yana da bakwai kamarsa, Joe Torre huɗu.

Hajiya Uwar Yara:
McCarthy. Shi kaɗai a cikinsu ya riƙe Ruth da Gehrig, sannan ya riƙe DiMaggio. Ƙuri'ata a bes na biyu kuma Lazzeri.